Tsoro a Matsayin Jari: Fuskantar Masu Tsattsauran Ra'ayin Addini Ba Tare da Karaya Ba

A 'yan shekarun nan gardamar addini ta fice daga zaurukan malamai, inda a da ake yin ta da littattafai a buɗe kuma a gaban waɗanda suka san ƙa'idojinta, ta koma majalisun bakin titi da tashoshin mota da ɗakunan kwanan ɗalibai da kuma wayoyin hannu, inda bidiyon minti biyu a TikTok ko Facebook kan isa a yanke wa mutum hukuncin makomarsa ta lahira.

Salon gardamar kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana fara ta da tambaya mai kama da ta neman sani, irin wadda saurayi kan jefa wa dattijo bayan sallar la'asar: “Baba, wannan abin da kuke yi, ina hujjarku?” Dattijon da ya shafe shekaru arba'in ko hamsin yana ibada yadda ya koya daga malaminsa bai haddace sunan littafi ko lambar hadisi ba, don haka sai ya yi shiru, shirun nan kuma shi ne ake ɗauka a matsayin shaidar cewa ba shi da gaskiya. Daga nan tambaya ta rikiɗe ta zama hukunci, hukuncin kuma ya zo da ambaton wuta, har mutumin ya koma gida yana tantama a kan sallarsa da ta iyayensa da suka riga mu gidan gaskiya.

Illar wannan lamari ba ta tsaya ga ɓacin rai ba, domin ta raba 'yan'uwa da masallatai, ta kashe aure, a wasu lokutan kuma ta kai ga zubar da jini.

Riƙon addini daban, tsattsauran ra'ayi daban

Wajibi ne a bambance tsakanin mutumin da ya riƙi addininsa da ƙarfi da kuma mai tsattsauran ra'ayi, domin haɗa su a ma'auni ɗaya zalunci ne, kuma yana daga cikin abubuwan da masu tsattsauran ra'ayin ke amfani da su wajen nuna wa mabiyansu cewa addinin ne ake yaƙa. Mutum na iya tsananta wa kansa a ibada da tufafi da mu'amala ba tare da ya cutar da kowa ba. Mai tsattsauran ra'ayi shi ne wanda ya mayar da fahimtarsa ita kaɗai ce addini, ya ɗauki mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta ya maishe ta iyaka tsakanin imani da kafirci, sannan ya ba kansa ikon zartar da hukunci a kan wanda ya saɓa masa.

Makaminsa mafi kaifi shi ne abin da malamai ke kira takfiri, wato fitar da Musulmi daga Musulunci. A fiƙihu wannan hukunci ne mai nauyi da ke da sharuɗɗa da abubuwan da ke hana zartar da shi, kamar jahilci da kuskure da tilasci da tawili, wato fahimtar nassi ta wata fuska da harshe da ƙa'ida ke iya ɗauka, kuma alƙali ne ke da hurumin tabbatar da shi bayan bincike. Ingantattun hadisai da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun yi gargaɗin cewa kalmar kafirci, idan aka jefi wanda bai cancance ta ba, tana komawa kan wanda ya furta ta.

Darasin Ibn Abbas

Cutar ba sabuwa ba ce. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 657, wata ƙungiya ta ɓalle daga rundunar Sayyidina Ali saboda ya amince a naɗa masu sulhu tsakaninsa da Mu'awiya, suka taru a Harura kusa da Kufa, suna cewa hukunci na Allah ne kaɗai kuma wanda ya miƙa shi ga mutane ya kafirta. Su ne tarihi ya sani da Khawarijawa, kuma waɗanda suka gan su sun shaide su da yawan sallar dare da karatun Alƙur'ani, abin da ke nuna cewa yawan ibada bai taɓa zama garkuwa daga wannan ɓata ba.

Abdullahi ɗan Abbas ya je sansaninsu shi kaɗai, kuma yadda ya tafiyar da zaman ya cancanci a tsaya a kansa. Bai fara da zagi ko wa'azi ba. Ya nemi su zayyana duk abin da suke tuhumar Ali da shi, suka kawo abubuwa uku: ya sa mutane hukunci a lamarin Allah, ya yi yaƙi ba tare da kama bayi ko kwasar ganima ba, kuma ya yarda a goge laƙabinsa na Sarkin Muminai daga takardar sulhu. Sai ya tabbatar cewa ba su da wata tuhuma bayan waɗannan, ya kuma karɓi alkawarinsu cewa za su janye idan ya kawo amsa daga Alƙur'ani da Sunna.

Bayan haka ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tunatar da su cewa Alƙur'ani da kansa ya umarci a naɗa masu sulhu tsakanin miji da mata, da masu ƙiyasta fansar dabbar da mai harami ya farauta, don haka tsare jinin Musulmi ya fi waɗannan cancanta. Ya tambaye su ko za su yarda a kama Nana A'isha, uwar muminai, a matsayin baiwa. Ya kuma kawo musu sulhun Hudaibiyya, inda Annabi (SAW) ya amince a goge laƙabin manzanci daga takarda ba tare da hakan ya rage masa komai ba. Dubbai daga cikinsu sun tuba sun koma, sauran kuma suka doge har aka gwabza da su a Nahrawan, kuma ɗaya daga cikin masu wannan aƙida ne ya kashe Ali a Kufa a shekara ta 661.

Abubuwa biyu ne suka fito fili a wannan labari, kuma dukansu sun maimaita kansu a Najeriya: hujja tana ceto jama'a masu yawa daga hannun masu tsattsauran ra'ayi, amma ba kasafai take sauya jagororinsu ba.

Gadon malaman Sakkwato da Borno

Mutane da yawa ba su san cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kashe lokaci mai tsawo yana yaƙar irin wannan tambayar ta ƙure ba. A zamaninsa an sami ɗalibai da suka nutsa cikin ilimin kalam, wato fannin kafa hujjojin hankali a kan aƙida, suka riƙa tare talakawa suna yi musu jarrabawa a kan sifofin Allah, wanda ya kasa amsawa yadda littattafansu suka tsara sai su ce imaninsa bai inganta ba, ba a cin yankansa kuma ba a ba shi aure. Shehu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, ciki har da Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Hisnul Afham, yana mai tabbatar da cewa wanda ya furta kalmar shahada kuma ya bayyana Musulunci ana ɗaukarsa Musulmi, zukata kuwa Allah ne ya san abin da ke cikinsu.

Adalci ya sa a ƙara da cewa jagororin jihadin Shehu Usmanu su ma an tuhume su da wuce iyaka. Lokacin da yaƙi ya isa Borno wajen shekara ta 1808, Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi ya rubuta wasiƙu yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana mai cewa abubuwan da ake zargin Barebari da su saɓo ne, saɓo kuma ba kafirci ba ne, tunda ana samun irinsa a Masar da Sham ba wanda ya ce mutanensu sun bar addini. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya mayar da martani da cewa laifin Borno shi ne taimakon sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu, ya kuma adana wasiƙun abokin gardamarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisur. Ko wane ɓangare mai karatu ya fi karkata gare shi, abin lura shi ne manyan malamai biyu sun yi saɓani a kan mas'alar da ta fi kowace zafi, suka yi ta a rubuce da hujja, kuma ɗaya ya ga dacewar ya bar wa na baya maganar ɗayan.

Ita kanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure daga Katsina har Damagaram, ta bayyana tun a babin aƙida cewa zunubi ba ya kafirta ma'abocin alƙibla. Wato amsar da dattijon nan yake buƙata tana cikin littafin da ya yiwu yana ajiye a ɗakinsa.

Daga 'Yan Awaki zuwa Maiduguri

A watan Disamba na 1980 mabiyan Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, suka tayar da tarzoma daga unguwar 'Yan Awaki a Kano, inda sama da mutum dubu huɗu suka rasa rayukansu, sannan wutar ta sake tashi a Bulumkutu da ke Maiduguri da kuma Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Shekaru kafin tarzomar Kano mutanen unguwa suna ganin yadda sansanin Maitatsine ke faɗaɗa kuma suna jin tsinuwar da ake yi musu a wa'azi, amma tsoron asiri da tsoron gardawan da ke kewaye da shi ya rufe bakin mafi yawansu.

Da Muhammad Yusuf da ƙungiyarsa suka fara kiran cewa karatun boko da aikin gwamnati haramun ne, malamai ba su yi shiru ba. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda a lokacin yake tafsirin watan azumi a masallacin Indimi na Maiduguri inda Yusuf ya taɓa zama cikin masu sauraronsa, ya yi ta warware da'awar a karatuttukansa. Malam Isa Ali Pantami ya yi muƙabala da shi a Bauchi a 2006, wato zaman gardama na ilimi da ake yi gaba da gaba a gaban shaidu, aka naɗe ta ta yaɗu a faya-fayai. Sheikh Muhammad Auwal Albani na Zariya shi ma ya daɗe yana fallasa raunin hujjojin ƙungiyar.

Farashin ya yi tsada. 'Yan bindiga sun harbe Sheikh Ja'afar yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano a watan Afrilu na 2007, aka kashe Sheikh Ibrahim Birkuti a Biu a 2011, aka kashe Albani tare da matarsa da ɗansa a Zariya a watan Fabrairu na 2014, kisan da Abubakar Shekau, wanda ya gaji Yusuf a jagorancin ƙungiyar, ya fito ya yi iƙirarinsa. Muƙabalolin ba su hana tarzomar da ƙungiyar ta tayar a Yulin 2009 ba, wannan gaskiya ne, amma ba a iya ƙidaya samarin da suka saurari faya-fayan nan suka fasa shiga ƙungiyar, kuma da hujjar malaman ba ta yi wa ƙungiyar illa ba, da ba ta bi su da bindiga ba.

Daga ƙarshe takfirin ya juyo kan masu shi. A 2016 ƙungiyar ta dare gida biyu, kuma babban abin da ɓangaren Abu Mus'ab Albarnawi ya tuhumi Shekau da shi shi ne halatta jinin talakawan Musulmi da kai hari masallatai da kasuwanni, saɓanin da ya ci gaba har Shekau ya mutu a dajin Sambisa a 2021 a hannun matsin tsofaffin abokansa.

Yadda tsoro ke cin zuciya

Tsoron Allah ginshiƙi ne na addini, kuma ba shi ne abin zargi ba. Malaman tarbiyya suna ambatonsa tare da abokin tafiyarsa, suna kiransu khaufu da raja'u, wato tsoron azaba da fatan rahama, har Imam Gazali ya ware musu littafi guda a cikin Ihya'u, Ibnul Ƙayyim kuma ya kwatanta su da fukafukan tsuntsu biyu waɗanda idan ɗaya ya karye tashi ba ya yiwuwa. Tsoron da aka yaba shi ne wanda ke hana mutum zalunci ya kuma tura shi ga aikin kirki. Wanda ya kai shi ga yanke ƙauna daga rahama kuwa, malamai sun lissafa shi cikin manyan zunubai.

Abin da mai tsattsauran ra'ayi ke yi shi ne ya raba tsoron da fatan, sannan ya karkatar da shi daga Allah zuwa ga kansa da ƙungiyarsa, ta yadda mabiyi zai riƙa jin cewa yin tambaya ridda ce, barin ƙungiya kuma faɗawa wuta ne. Da zarar an kai nan, mutum ba ya sake auna hujja, domin abin da yake nema shi ne wanda zai tabbatar masa cewa ya tsira, kuma wanda ya dasa masa tsoron shi ne ke sayar masa da maganinsa.

A wasu mutanen abin kan zarce ya zama waswasi mai tsanani. Ana ganin matashin da zai tsaya a bakin famfo yana maimaita alwala har a idar da salla, ya koma ya tayar da kabbara sau biyar ko shida yana warwarewa domin bai gamsu da niyyarsa ba, da dare kuma ya kasa barci yana bin kalmomin da ya furta da rana ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta fitar da shi daga addini, yana sake kalmar shahada yana kuka. Fiƙihun Malikiyya ya san wannan hali, ya kira mai shi mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi, kuma hukuncin da ke cikin littafin Ahalari shi ne ya yi watsi da shakkar kada ya biye mata. Likitocin ƙwaƙwalwa su ma sun san shi a matsayin cuta da ke da magani, kuma asibitocin da ke Kaduna da Kware da Dawanau da Maiduguri suna karɓar masu irin wannan lalura, ko da yake kunya da tsoron a ce mutum ya taɓu na hana iyalai da yawa zuwa.

Matsalar ba ta Musulmi kaɗai ba ce. A wasu majami'u ana gina wa'azi a kan tsoron mayu da aljannu da la'anar kakanni, har ta kai ana zargin ƙananan yara da maita ana azabtar da su, abin da ya tilasta wa jihar Akwa Ibom haramta irin wannan zargi a dokar kare yara ta 2008.

Amsar wanda ba malami ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauka cewa dole ne ya ci gardama kafin imaninsa ya tabbata. Wanda ba malami ba ba a ɗora masa warware kowace shubuha ba, wato hujjar da ke kama da gaskiya alhali ba ita ba ce, kuma kasa amsa tambaya a nan take ba ya nuna cewa tambayar ba ta da amsa. An ruwaito cewa Imam Malik, wanda mazhabarsa ce aka fi bi a Afirka ta Yamma, ya sha amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Saboda haka dattijon da ya ce, “Yaro, ni ba malami ba ne, amma ga malamina, mu je ka tambaye shi,” ya ba da cikakkiyar amsa.

Wanda yake da ɗan karatu kuma yana iya bin sawun Ibn Abbas, ya nemi a tsayar da magana a kan mas'ala ɗaya, domin dabarar mai ƙure ita ce tsalle daga wannan zuwa waccan kafin a gama ta farko. Yana iya tambaya cikin natsuwa ko malamai sun yi ijma'i a kan mas'alar, wato sun haɗu a kan hukunci ɗaya, ko kuwa sun yi saɓani, su wane ne suka saɓa, kuma shin su ma hukuncin ya hau kansu. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ƙwarai, domin sau da yawa takan bayyana cewa hukuncin da aka yanke wa mai shayi ko ɗan kasuwa zai haɗa da limaman da shi mai hukuncin yake girmamawa. Irin wannan fahimta ce ta sa malamai kusan ɗari biyu daga ƙasashe hamsin suka taru a Amman ta ƙasar Jodan a 2005, suka amince da ingancin mazhabobi takwas, suka hana kafirta mabiyansu, suka kuma gindaya sharuɗɗan wanda ya cancanci ba da fatawa.

Natsuwa a nan ba ado ba ce. Mai gardamar yana samun riba ne idan ya fusata abokin magana ko ya razana shi a gaban jama'a, kuma masu sauraro, waɗanda su ne ainihin abin da ake takara a kansu, sun fi lura da wanda ya riƙe kansa fiye da wanda ya fi ɗaga murya. Ba daidai ba ne kuma a rama kafirtawa da kafirtawa, domin tarihin saɓanin da ya biyo bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ya nuna yadda zafafan kalamai daga kowane ɓangare suka raba gidaje, kafin shekaru da cuɗanya su sassauta abin a wurare da yawa.

Inda magana ba ta isa ba

Akwai lokacin da hikima ita ce a bar wurin. Idan gardama ta koma zargin ɓatanci ga Annabi (SAW) kuma taro ya fara haɗuwa, babu sauran muƙabala, domin taron da ya fusata ba ya sauraron hujja. Kisan da aka yi wa ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayu na 2022, wanda Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi, da kisan wani mahauci Musulmi a wannan birni a shekarar da ta biyo baya, sun nuna cewa zargin da ba a bincika ba ba ya tambayar addinin wanda ya faɗa wa. Babu mazhabar da ta ba taron jama'a ikon zama mai ƙara da alƙali da hauni a lokaci guda.

A nan ne nauyi ke sauka daga kan ɗaiɗaikun mutane ya koma kan hukuma, kuma a nan ne ra'ayoyi suka rabu. Wasu na ganin sai an tantance masu wa'azi an ba su lasisi, kamar yadda gwamnatin Kaduna ta nemi yi a 2016 da kuma dokar tsara harkokin ibada da Jamhuriyar Nijar ta kafa a 2019. Wasu kuma, cikinsu har da malamai da limaman majami'u, suna ganin wannan ƙofa ce da gwamnati za ta bi ta toshe bakin masu sukarta, ga kuma sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya da ya tanadi 'yancin addini. Fargabar tasu tana da tushe, musamman ganin cewa kisan da aka yi wa Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba ya ƙara wa mabiyansa hujja ne maimakon ya kashe da'awarsa.

Abin da ya fi lasisi gaggawa shi ne hukunta wanda ya tunzura jama'a ko ya ɗauki doka a hannunsa, ko wane ne shi, da kuma ba da kariya ga malaman da ke fitowa su yi magana. Haka nan makarantun Islamiyya da na allo da tsangayoyin jami'o'i suna da gurbin da ba su cike ba, domin yaro na iya sauke littattafai da dama ba tare da an taɓa zaunar da shi an koya masa dalilan saɓanin malamai da ladubbansa ba, kuma irin wannan yaron ne ke fara jin cewa akwai wata fahimta dabam daga bakin wanda zai gaya masa cewa ta iyayensa kafirci ce.